Digiri a Jikin Katako

A gidansu ba mai kiranta da sunanta. Mai Digiri ake ce mata, tun daga kan mahaifinta har yaran maƙwabta da ba su san mene ne digirin ba. Da farko sunan daɗi yake mata, don da alfahari ake faɗinsa. Yanzu kuwa, shekara goma sha ɗaya da gama jami'a, akwai yadda wasu ke jan ƙarshen sunan da sai ta ji kamar ta toshe kunne.

Mahaifinta kafinta ne, shagonsa a ƙofar gida. 'Ya'ya biyu Allah ya ba shi, ita da ƙanwarta Auta, uwarsu kuma ta rasu tun suna ƙanana. Cikin garin katako ta tashi, kuma tun tana yarinya ba ta barin abu ya wuce ba ta tambaya ba. Me ya sa gam yake fari a gwangwani, in ya bushe ya koma kamar ruwa? Me ya sa ƙusa take tsatsa, gilashi ba ya yi? Baba sai ya ce ta je ta tambayo malamanta ta zo ta faɗa masa. Da ta ci jarrabawar shiga jami'a, injin yankan katakonsa ya sayar ya koma kan zarton hannu. Dangi suka yi ta magana, wai mace ce, ko ta karanta duniya kicin za ta ƙare. Shi dai ya ci gaba da fiƙe katakonsa.

Kimiyyar sinadarai ta karanta. Karatun shekara huɗu ya koma shida saboda yajin aiki. A tsaye take ɗaukar darasi in ba ta yi sammako ba, a ɗakin gwaje-gwaje kuma mutum goma sha biyu ke rububin kayan aikin mutum ɗaya. Duk da haka tana son abin, so na gaske. A shekarar ƙarshe ta bi rijiya arba'in tana ɗibar ruwa a ƙananan kwalabe, ta dawo ta riƙa ɗiga musu sinadari ɗigo-ɗigo har launi ya juya. Ba ta taɓa jin daɗin wani abu a rayuwarta kamar wannan lokacin da ruwa ke juya launi ya faɗa mata abin da ke cikinsa ba.

Ranar da ta kawo takardar shaidar digiri gida, sau biyu Baba ya wanke hannu kafin ya taɓa ta. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya sa aka karanta masa daga sama har ƙasa. Sannan ya kwantar da ita kan tebur, ya ga gefenta yana nannaɗewa saboda zaman da ta yi a jaka. To, shi mutum ne da ba ya iya ganin abu bai kwanta daidai ba. Ya rufe shago kwana biyu. Ya ciro wani jan katako da ya daɗe yana ajiya, ya yanka firam, ya goge shi har yana ƙyalli. Ya yanko filawud, siririn allon katako, daidai girman takardar, ya shafe shi da gam, irin wanda yake haɗa ƙofa da shi, ya shimfiɗa takardar a kai yana binta da tsumma daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale.

"Riƙe min nan," ya ce mata.

Ita da kanta ta danne masa kusurwar da babban yatsa, tana dariya. Wadda ta yi shekara shida tana karanta abin da ke haɗa abu da abu, ko kusa bai zo mata a rai ba cewa wata rana za a so a raba su. Ya ɗora wa filawud ɗin nauyi ya kwana, ya sa gilashi, ya ɗaure da sukurori huɗu, ya rataye a ɗakinsa saitin ƙofa, inda duk wanda ya shigo sai ya gani.

"Ko jikokin jikokinki suka zo, haka za su tarar da ita," in ji shi.

Daga nan aka shiga neman aiki. Kwafi ake nema ko'ina, don haka sai a kwance sukurori, a cire gilashi, ta rungumi katakon zuwa shagon mai hotokofi, shi kuma ya kifa shi kan inji yana tambayarta ko ƙofar jami'ar ta ciro. Kwafi hamsin ta yi a karon farko, suka ƙare, ta sake yin wasu. Ta kai ofis-ofis, ta aika ta intanet, ta bai wa duk wanda ya ce ya san wani. Shiru. A shekara goma sha ɗayan nan babu mahaluƙin da ya taɓa cewa ta kawo ainihin takardar ya gani, don ba ta taɓa kaiwa matakin da ake neman ta ba.

Ta koyar a wata ƙaramar makarantar kuɗi, tun daga lissafi har rubutun hannu, makarantar ta rufe. Ta auri wani direban babbar mota, mutumin kirki da ya fi zama a hanya fiye da gida, ta haifi biyu. Ranar da za ta tare ta nemi tafiya da firam ɗinta, Baba ya ce ita ya aurar, bai aurar da takardarsa ba. Auta kuwa da ta ajiye karatu daga sakandare ta koyi ɗinki, ta yi aure da wuri, yau keke huɗu ke gudu a shagonta. Ba muguwa ba ce Auta, amma bakinta ba linzami.

"Yaya, ni fa digirina a ƙafa yake," takan ce tana taka keke. "Kuma ba a rataye shi."

A ƙarshe wani kamfanin ruwan kwalba ya ɗauke ta. Ta yi murna har da kuka, ta ciro tsofaffin littattafanta ta kakkaɓe. Sai da ta fara zuwa ta gane abin da aka ɗauka. Doka ta ce ba a ba kamfanin ruwa lasisi sai yana da masanin sinadarai, shi ne manaja ya karɓi kwafin takardarta ya rataye a bayan kujerarsa. Ita kuma aka kai ta wani dogon tebur inda mata takwas ke manna wa kwalabe takardar sunan kamfani. A shafa gam, a manna, a murza, a tura. Akwai ɗakin gwaje-gwaje kam, da famfo da 'yan kwalaben awo da ƙura ta lulluɓe, amma kwalaye ake tarawa a ciki. In jami'an duba ingancin ruwa za su zo, sai a kwashe kwalayen, a ciro mata farar riga daga durowa ta saka, ta tsaya tana gaishe su. Suna fita a karɓe rigar.

Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ce wa manaja, "Yallaɓai, ya kamata a riƙa gwada ruwan nan ko da sau ɗaya a mako."

Ko kai bai ɗago ba. "Malama Mai Digiri, ruwa dai ruwa ne. Kin ji wani ya mutu?"

Shekara biyar ta yi a teburin nan. Matar da ke gefenta ko firamare ba ta gama ba, kuma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Wannan ba ya mata ciwo. Abin da ke ci mata rai shi ne duk sanda ta wuce ƙofar manaja sai ta hango kwafin takardarta yana yi wa wani aiki, ita mai takardar hannunta duk gam.

Sai hukumar ruwan sha ta garin ta fitar da sanarwa tana neman mutum uku a ɗakin gwajinta, kada shekarun mai nema su wuce talatin da biyar. Wata huɗu ya rage mata ta cika. Ta san in wannan ta wuce, an rufe ƙofa ke nan har abada, don duk aikin gwamnati da wannan sharaɗin yake zuwa. Ta koma kan littattafanta a lokacin hutun cin abinci, matan tebur suna tsokanarta wai ɗaliba ta dawo. Mutum fiye da ɗari biyu suka zauna jarrabawar, ita ce ta biyu. A intabiyu wani dattijo mai farin gashi ya tambaye ta yadda ake gane ruwan rijiyar da masai ya gurɓata. Ta buɗe baki, sai ga rijiyoyinta arba'in sun dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ta bayani har ya ɗaga hannu yana murmushi ya ce ya isa. Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayarta: ta zo ranar Talata da ainihin takardunta a tantance, ranar Juma'a za a rufe.

Baba ne da kansa ya hau kujera ya sauko da firam ɗin, duk da idonsa ya fara rauni kuma gwiwa ba ta yarda. Ya goge gilashin, ya naɗe shi da sabon zane, ya ce kada ta cire komai, ta kai musu haka su ga yadda aka riƙe ta. A cikin bas kan cinya ta ɗora shi ta rungume. A layin tantancewa kowa da 'yar siririyar jakar takardu a hammata, ita kaɗai ce da kaya kamar mai tallan madubi.

Matar da ke tantancewa mai tabarau ce, ba ta da fara'a, ba ta kuma da wulaƙanci. Duk takardar da aka miƙa mata sai ta ɗaga ta saitin taga ta duba, ta juya bayanta ta kwafi wata lamba. Mai Digiri tana ganin haka ta ƙara rungume firam ɗinta. Da layi ya zo kanta ta warware zanen, ta kwance sukurorin da kan makulli, ta ɗauke gilashin.

"Ciro ta mana, baiwar Allah."

"Ranki ya daɗe, ba ta ciruwa. Manne take."

Matar ta sa farce a gefe, ta ƙwanƙwasa katakon, ta cire tabarau ta dube ta. "Wa ya yi miki wannan aikin?"

"Mahaifina ne. Kafinta ne."

"Ikon Allah." Ta ajiye katakon a kan tebur. "Kin ga, akwai tambari a cikin jikin takardar, sai an haska ake ganinsa. A bayanta kuma akwai lamba da hatimin magatakarda. Su nake cikewa a fom ɗin nan. Masu takardun bogi haka suke yi, su manne ta a wani abu don kada a ga bayan. Ban ce taki ta bogi ba ce. Amma ni me zan rubuta?"

"Ga sakamakona na kowace shekara, ga katin ɗaliba, ga hoton ranar yaye mu."

"Duk na gani. Ba su aka ce in duba ba. Ki je jami'arku su ba ki wata, ko wasiƙar tabbatarwa. Kina da zuwa Juma'a ƙarfe goma sha biyu."

Ba ta mayar da firam ɗin gidan Baba ba. Ta kira shi a waya ta ce ana kan aiki, sai Juma'a. Ranar Laraba ta yi tafiyar awa uku zuwa jami'ar, ta bi taga huɗu, kowace ta tura ta gaba. A ta ƙarshe wani mutum da ke cin abinci a kan fayil ya ce mata takardar digiri sau ɗaya ake bayar da ita a rayuwa. Wasiƙar tabbatarwa kuwa sai ta rubuto, a binciko fayil ɗinta a ma'ajiya, magatakarda ya sa hannu, kuma ya yi tafiya. Mako shida, in an yi sauri. Ta yi ta roƙonsa, ya ce ko 'yarsa ce haka tsarin yake.

Ranar Alhamis ta tafi aiki da katakon. Da aka tashi cin abinci ta karɓi makullin ɗakin gwaje-gwaje wajen mai gadi, ta ture kwalaye, ta wanke kwalaben awo. Ta san gam ɗin sarai, ta san sunansa na kimiyya, ta san ɗumi da laima ne ke sassauta shi. Ta kuma san abin da laima ke yi wa tawada. Ta dafa ruwa, ta kara kusurwar ƙasa a kan tururi, ta ƙirga daƙiƙa, ta zura bakin reza a hankali. Kusurwar ta ɗaga kamar faɗin yatsa biyu. Ta leƙa, sai ta ga takardar ce ta rabe gida biyu, fuskar ta taso, bayan ya zauna daram a jikin filawud. Bayan da ake nema ke nan. Kusa da wurin kuma jelar sa hannun magatakarda ta fara jiƙewa tana bazuwa shuɗi-shuɗi.

Ta ajiye rezar. Gwaji na farko ke nan da ta yi a ɗakin nan cikin shekara biyar, kuma sakamakon ya fito ba shakka a cikinsa: aikin Baba ba ya kwancewa. Ta zauna kan kwali ta yi kuka mai isarta, na baƙin ciki da haushi, haushin da ta rasa wanda za ta ɗora wa. In ta ce Baba, sai ta tuna injinsa. In ta ce matar tabarau, ai gaskiyarta ce. Daga ƙarshe kanta ta fi jin haushi, ita da ta danne kusurwa tana dariya. Aka buga ƙararrawa, ta wanke fuska ta koma tebur.

Duk da haka ranar Juma'a ta koma hukumar, da shaidar cewa ta nemi wasiƙa. Matar ta karanta, ta shiga ofishin shugabanta da takardar, ta daɗe, ta fito tana girgiza kai.

"Na yi miki magana, wallahi. Ya ce in aka ɗaga wa mutum ɗaya, sai an ɗaga wa kowa. An riga an kira na huɗu." Ta miƙo mata takardar. "Ki sake nema in an buɗe wani."

"Wata uku ya rage min, ranki ya daɗe."

Matar ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Mai Digiri ta ce amin, don abin da ake cewa ke nan.

Da la'asar ta isa gidan Baba. Yana zaune a ƙofar shago, 'yar Auta ta fari tana gefensa da fom ɗin neman shiga jami'a, tana karanta masa. Yarinyar ta gama sakandare bana, kuma kowa cewa yake ƙwaƙwalwar Antinta Mai Digiri ta ɗauko.

"Yaya aka yi? Sun gani?" Tun kafin ta zauna ya tambaya.

"Sun gani, Baba."

"Me suka ce?"

Duk hanya ta zo tana shirya maganar. Ta dubi hannunsa da zarton hannu ya mayar kamar ɓawon itace, sai ta sauya maganar.

"Sun ce aiki ya yi kyau. Sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Sai dai gurbin ne ya cika."

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce Allah bai nufa ba, rabonta na gaba. Ya karɓi firam ɗin ya warware zanen, ya kawo shi dab da fuskarsa. Idon ya yi rauni, amma ba a kan aikinsa ba.

"Af! Wa ya taɓa nan? Dubi yadda ta ɗaga. Mutanen ofis ba su san darajar abu ba." Ya juya ga jikarsa. "Miƙo min sukundireba da gwangwanin can."

Ya kwance sukurorin, ya cire gilashin, ya tsoma ɗan siririn burushi a gam. Yana shafawa a ƙarƙashin kusurwar yana faɗa wa yarinyar cewa sauran jan katakon nan yana nan ya ɓoye mata, ko mai saye ya zo ba ya sayarwa, ita dai ta yi ƙoƙari ta kawo tata yana da rai.

Yarinyar ta dubi Mai Digiri. "Anti, Mama ta ce in zo shago in koyi ɗinki, wai karatun ɓata lokaci ne. Ni kuma irin naki nake so. In cike?"

Mai Digiri ta ji amsa biyu sun taso mata lokaci guda, kowace da gaskiyarta. Ga teburin gam na shekara biyar, ga keken Auta huɗu. Ga kuma dattijon nan da ya ɗaga hannu yana murmushi, minti goma kacal da aka saurare ta a matsayin wadda ta san wani abu. Ba za ta iya rantsewa cewa minti goman sun biya shekara goma sha bakwai ba. Ba za ta kuma iya cewa yarinyar ta haƙura ba.

"Cike," ta ce. "Amma ranar da kika karɓo takardar, gidana za ki fara zuwa. Kin ji ko? Kafin ko'ina."

"Me ya sa, Anti?"

"Haka nan. Ina so in riga kowa gani."

Baba ya yi dariya, ya ce ji kishi, to ya yarda ta riga shi, ai a hannunsa za ta ƙare. Ya kwantar da kusurwar, ya bi ta da tsumma.

"Mai Digiri, riƙe min nan. Kada ki bari ta motsa."

Ta sa babban yatsa ta danne. Gam ɗin ya ɗan fito ta gefe ya taɓa mata farce, da sanyinsa da warinsa irin na teburin da za ta koma ranar Litinin.

"Har yaushe, Baba?"

"Sai ta kama."

Ta ci gaba da dannewa har ta kama.